Gadon Kwana, Bashi da Tarbiyya: Waiwaye Kan Ƙungiyar Masu Kula da Masaukin Ɗalibai

A zangon karatu na 1946 jami'o'in Amurka sun wayi gari da baƙin da ba su yi wa shimfiɗa ba. An gama Yaƙin Duniya na Biyu, an sallami miliyoyin sojoji, kuma tun a watan Yunin 1944 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da GI Bill, wadda ta ɗauki nauyin kuɗin makarantar duk tsohon sojan da ke son karatu, har da ɗan abin sawa a bakin salati kowane wata. Waɗanda suka tsara dokar sun zaci kaɗan ne za su amsa kira. Sai ga sama da mutum miliyan 2 sun nufi jami'o'i da kwalejoji. A 1947 kusan rabin waɗanda aka ɗauka karatu a ƙasar tsofaffin sojoji ne. Kafin yaƙi ɗaliban manyan makarantun Amurka wajen miliyan 1.5 ne, zuwa 1949 sun kai wajen miliyan 2.5.

Aji bai cika ba da wahala ba: a ƙaro benci, malami ya ɗaga murya, shi ke nan. Wurin kwana kuwa ba ya jin dabara. Ga shi waɗannan ɗalibai ba yaran da suka fito daga sakandare jiya ba ne. Mazaje ne da suka ga mutuwa ido da ido a Turai da tsibiran Fasifik, da yawansu da mata, wasu har da goyo. Jami'ar Illinois ta jera gadaje masu hawa-hawa a zauren motsa jiki. Kwalejin jihar Michigan da ke East Lansing ta kafa unguwa guda ta rumfunan kwano masu lanƙwasasshen rufi, irin na sansanin soja. Jami'ar Wisconsin ta kwashi ma'aurata ta kai su gidajen ma'aikatan wata masana'antar albarusai da ke nesa da Madison da sama da kilomita 50, kullum bas ta ɗauko su da sassafe ta mayar da su da dare. Jami'ar Michigan ma ta tsugunar da nata a Willow Run, a gidajen da leburorin ƙera jiragen yaƙi suka bari.

Dole wani ya raba makullai, ya nemo katifu, ya sa a gyara famfo, ya raba faɗan maƙwabta a kan igiyar shanya. A wurare da yawa babu mai wannan sana'a, don haka aka jefa wa duk wanda ke kusa: akawun kuɗi, ko mai kula da ɗakin girki, ko wani tsohon hafsa da ya saba tsugunar da bataliya. Daraktan masaukin ɗalibai na Jami'ar Illinois, S. Earl Thompson, ya lura cewa shi da takwarorinsa ciwo ɗaya ke damun su, kowa kuma yana ta fama shi kaɗai a kusurwarsa. A 1949 ya gayyace su taro a jami'arsa. Suka sake haɗuwa a Purdue a 1950, sannan a East Lansing a 1951, inda suka mayar da taron ƙungiya mai tsari, Thompson ya zama shugabanta na farko. Ita ce ƙungiyar jami'an masaukin kwalejoji da jami'o'i, wadda ake taƙaita sunanta da ACUHO.

Wanda ya duba wannan asali zai ga cewa ba malamai ne suka haifi ƙungiyar ba. Mutanen bulo da siminti ne, masu lissafin zanen gado da buhun dankali. Amma yau in ka tari wani daga cikin 'ya'yanta ka ce masa mai gidan haya, sai ransa ya ɓaci. Zai ce maka shi mai tarbiyya ne, kuma ɗakin kwana aji ne da ba shi da allo. Yadda aka taso daga can aka iso nan shi ne tarihin ƙungiyar, kuma a ganina abu biyu ne suka tuƙa ta: imani na gaskiya da wasu daga cikinsu suka yi, da kuma bashin da ya hau kansu duka.

Dalilin da ya sa babu ƙwararru a 1946 tsoho ne. Kwalejojin farko na Amurka sun kwaikwayi Oxford da Cambridge, inda ɗalibi ke kwana ya ci abinci a gida ɗaya da malaminsa, sai dai ba su da dukiyar da za su yi abin yadda ya kamata. Shugaban Harvard na farko, Nathaniel Eaton, an kore shi a 1639 saboda dukan kawo-wuƙa da yake yi, matarsa kuma ta amsa a gaban hukuma cewa abincin da take ba ɗalibai ba na kirki ba ne. A 1766 ɗaliban makarantar suka yi bore a kan ruɓaɓɓen man shanu. Malamin da ke koyar da Latinanci da rana shi ne ke sintirin kama masu caca da dare, ɗalibai kuwa suna rama wa da jifan tagarsa. Da tsarin jami'o'in Jamus ya shigo a ƙarni na 19, wanda ya ce aikin jami'a bincike ne da lacca, inda ɗalibi ya kwana ba ruwanta, malamai suka yi hamdala. Henry Tappan, da ya karɓi shugabancin Jami'ar Michigan a 1852, ya mayar da ɗakin kwana azuzuwa, ya ce kowa ya nemi masauki a gari.

Mata ne suka dawo da maganar. Iyaye ba su yarda su tura 'ya mace ta yi haya a gidan da ba su sani ba, don haka jami'o'in da suka fara ɗaukar mata suka naɗa musu shugabanni na musamman. Marion Talbot ta Jami'ar Shikago, wadda ta fara aiki da buɗe jami'ar a 1892, tana cikin na gaba-gaba, kuma ita da ire-irenta sun riga maza fahimtar cewa zaman gida ɗaya yana gyara hali ko ya ɓata shi. Daga baya attajiri Edward Harkness ya zuba miliyoyin daloli a Harvard da Yale aka gina gidajen kwana irin na Ingila, masu ɗakin cin abinci da laburare da malami mazauni, aka buɗe na Harvard a 1930, na Yale a 1933. Wannan kuwa harka ce ta masu hannu da shuni. Jami'ar jiha da ke tsakiyar gonakin masara ba ta da Harkness.

Abin da ta samu shi ne rance. Dokar gidaje ta 1950 ta ware dala miliyan 300 domin a ba jami'o'i bashi mai sauƙin ruwa, na shekara 40, su gina ɗakunan kwana. Yaƙin Koriya ya ɗan jinkirta fitar kuɗin, amma da ƙofar ta buɗu sai gine-gine suka yi ta tashi, musamman da 'ya'yan waɗancan sojoji suka isa shiga jami'a a shekarun 1960 kuma yawan ɗalibai ya kai miliyan 8 a ƙarshen shekarun. Sharaɗin rancen shi ne a biya daga kuɗin hayar ɗakunan. Saboda haka kowane gini aka zana shi da lissafin gado nawa zai ɗauka a kan kuɗi mafi ƙanƙanta: dogon lungu, ɗakuna a dama da hagu, mutum biyu a kowane ɗaki, banɗaki ɗaya a ƙarshen lungu, bangon bulo da aka shafa wa fenti ba tare da filasta ba. Har gado da tebur ake kafewa a jikin bango, domin abin da aka kafe yana shiga lissafin gini, rance ya biya shi. Jami'ar jihar Ohio ta gina tagwayen benaye masu hawa 24. Jami'ar jihar Illinois ta gina Watterson mai hawa 28, wanda ke ɗaukar ɗalibai sama da 2,000. A waɗannan shekaru ɗan ACUHO yana zuwa taron shekara ne ya ji wane irin daɓe ne ke jure takalmin samari, kuma nawa ne ya dace a caji ɗalibi kuɗin abinci.

Tarbiyya a lokacin tana hannun wasu daban, kuma sunanta tsaro. Tun 1913 wata kotu a Kentucky ta yanke cewa kwaleji tana tsaye ne a madadin iyaye. Wani mai gidan abinci ne ya kai ƙarar Kwalejin Berea saboda ta hana ɗalibanta cin abinci a wajensa, kotu ta ce abin da uba zai iya hana ɗansa, kwaleji ma za ta iya. A kan wannan aka gina rayuwar ɗakunan kwanan mata. A bakin ƙofa akwai wata dattijuwa, sau da yawa wadda mijinta ya rasu, tana zaune da babban littafi. Ɗaliba za ta fita bayan magariba sai ta rubuta sunanta, inda za ta, da wanda za ta fita da shi. Ƙarfe goma da rabi a ranakun karatu, a makarantu da yawa, ake kulle ƙofa. Wadda ta makara ana rubuta mata mintocin, in suka taru suka kai adadi, a hana ta fita ƙarshen mako. A ranar da aka yarda namiji ya kawo ziyara, dole a bar ƙofar ɗaki a buɗe gwargwadon faɗin littafi, ɗalibai kuwa suka riƙa saƙala kwalin ashana, wai ai shi ma ana buɗe shi kamar littafi.

Bahaushen uba da ya karanta wannan zai ce to ai daidai ke nan, kuma ba zan yi masa dariya ba. Sai dai a lura da abu guda: yawancin dokokin nan mata kaɗai suka hau. Namiji yana iya kwana a titi ba mai tambayarsa. Lissafin hukuma shi ne in aka kulle mata, maza za su koma ɗakunansu da kansu.

Akwai kuma waɗanda ba a ba su makullin ba ma sam. Jesse Owens, wanda ya ci lambobin zinare 4 a wasannin Olamfik na Berlin a 1936, bai samu kwana cikin harabar Jami'ar jihar Ohio ba saboda baƙi ne. A Harvard, shugabanta Lawrence Lowell ya hana baƙaƙe zama a ɗakunan 'yan aji ɗaya, sai da aka yi ta kai ruwa rana kafin a soke hanin a 1923. A Janairun 1961, da kotu ta tilasta wa Jami'ar Georgia ɗaukar Charlayne Hunter, gungun fararen ɗalibai ya taru a gaban ɗakin kwananta ana jifa da duwatsu. A 1962 jami'an tsaron tarayya ne suka yi gadin ɗakin James Meredith a Jami'ar Mississippi. Raba aji da baƙi abu ne da Bature ɗan Kudu zai iya haɗiyewa da ƙyar, raba banɗaki ne ya fi tsaya masa a wuya, kuma jami'in masauki ne ke riƙe da takardar da ke cewa wa zai kwana da wa.

Daga nan ne kuma ginshiƙin tsayuwar kwaleji a madadin iyaye ya fara girgiza. A 1960 Kwalejin jihar Alabama ta kori wasu baƙaƙen ɗalibai saboda sun yi zaman dirshan a wurin cin abincin da aka keɓe wa farare a harabar kotun Montgomery. Suka kai ƙara, a 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta ce makarantar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi sai ta sanar da shi laifinsa ta kuma saurare shi. Uba ba ya buƙatar yin haka a gidansa, don haka hukuncin yana nufin jami'a ba uba ba ce. Shekaru goma da suka biyo baya suka kwashe sauran. Samarin da ake kwasa zuwa yaƙin Biyetnam suka ce wanda ya isa mutuwa ya isa ya san lokacin kwanciyarsa. A Nuwamban 1970 mujallar Life ta sa hoton ɗakunan kwanan Kwalejin Oberlin da maza da mata ke zama gini ɗaya a bangonta. A 1971 aka rage shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18. Dattijuwa mai littafi ta yi ritaya, ba a maye gurbinta ba.

To, ga benaye an gina, ga bashi na shekara 40, ga ɗalibai sun zama manya a idon doka, kuma da yawansu sun gwammace su yi haya a gari su huta da ƙa'ida. Gado ya fara zama ba kowa. Jami'o'i suka sa dokar dole: ɗan aji ɗaya, wani wurin har ɗan aji biyu, sai ya zauna a cikin makaranta. Ɗalibai suka garzaya kotu, kuma shari'o'i uku da aka yi sun fi duk wani jawabin taro bayyana yadda sana'ar ta sauya.

Ta farko a Louisiana ce, a 1969. Kwalejin Southeastern Louisiana ta wajabta wa 'yan mata marasa aure da ba su kai shekara 21 ba, da maza 'yan aji ɗaya, zama a ɗakunanta. Da aka tambayi dalili, jami'anta suka faɗi gaskiya tsirara: ana bukatar kuɗinsu ne a biya bashin gini. Alƙali ya ce ba daidai ba ne a zaɓi wani rukuni na ɗalibai a ɗora masa nauyin da ya kamata kowa ya ɗauka, ya soke dokar. Shekara guda bayan haka, a jihar dai, aka kawo ƙarar Kwalejin Louisiana Polytechnic a kan doka irin wannan. A wannan karon hukuma ta zo da wata hujja: zama a ɗakin kwana wani ɓangare ne na karatu, domin a nan ɗalibi ke koyon zama da wanda ba irinsa ba, da shugabanci, da haƙuri. Kotu ta karɓa, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1971. Ta ukun a Jami'ar South Dakota ce. Alƙalin farko ya duba takardu ya ce maganar tarbiyya fenti ce, ainihin dalilin biyan bashi ne, ya soke dokar. A 1974 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncinsa, ta ce tun da akwai manufar ilimi a ciki, kasancewar akwai ta kuɗi ba ta ɓata ta ba.

Duk daraktan masauki a Amurka ya ɗauki darasin. In ka ce kuɗi kake nema, ka faɗi a kotu. In ka ce tarbiyya kake yi, ka ci. Sai dai zalunci ne a ce daga nan maganar ta samo asali, domin akwai waɗanda suka riga kotu. Harold Riker, daraktan masauki na Jami'ar Florida, ya wallafa ɗan littafinsa tun 1965 yana cewa a ɗauki ɗakunan kwana a matsayin cibiyoyin koyo, a zana gini da wannan niyya, a ɗauki ma'aikata masu ilimin halayyar matasa. Tun 1927 Alexander Meiklejohn ya gwada a Wisconsin, inda ɗalibai ke kwana a gini ɗaya da ofisoshin malamansu, gwajin ya yi shekara biyar. Jami'ar jihar Michigan ta gina ɗakunan kwana masu azuzuwa da ofisoshin malamai a ciki tun farkon shekarun 1960. Abin da kotu ta yi shi ne ta sa masu riƙe da asusu suka fara sauraron su Riker, waɗanda da ake ganin mafarki suke yi.

Kuma tun da an faɗa a gaban alƙali, dole a nuna a ƙasa. A 1971 ACUHO ta fara fitar da mujallar bincike. A 1974 Arthur Chickering ya wallafa nazarin da ya kwatanta ɗaliban da ke kwana a makaranta da masu zuwa daga gida, a 1977 Alexander Astin ya fitar da nasa mai faɗi, dukansu suka nuna cewa mai kwana a makaranta ya fi shiga harkokinta, ya kuma fi yiwuwar kammala digiri. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ashe har da alƙaluma. Ina da ɗan ja a nan, kuma masu binciken ma sun san da shi: wanda ke iya biyan kuɗin ɗaki tun farko ya fi wanda ke kwana gidan iyayensa yana aikin dare wadata, don haka ba duk bambancin ne ɗakin ya kawo ba. Amma 'yan ƙungiyar sun samu abin riƙewa, kuma sun riƙe shi da hannu biyu.

Gurbin dattijuwa sai ya koma hannun mutum biyu. Na farko matashi ne mai digiri na biyu a fannin kula da ɗalibai, wanda ake ba wa gida a cikin ginin, da wayar da ba a kashewa. Na biyu ɗalibi ne ɗan aji uku ko huɗu da ake ɗora wa lungu guda, a yafe masa kuɗin ɗaki, wani wurin har da na abinci. Amurkawa suna kiransa RA. Kafin sababbin ɗalibai su iso shi ne zai zauna da almakashi ya yanka takardu masu launi, ya rubuta sunan kowa ya manna a ƙofarsa. A makon farko zai zaunar da abokan ɗaki biyu da wata takardar yarjejeniya: ƙarfe nawa za a kashe fitila, baƙo zai iya kwana ko a'a, ana aron kaya ko ba a yi, wa zai kwashe shara. Zo mu zauna, zo mu saɓa, don haka gara a rubuta tun ana shiri. Da dare yana zagaya lunguna da littafin rahoto, ya buɗe wa wanda ya manta makulli, ya ƙwanƙwasa ƙofar da kiɗa ya yi yawa. Shi ne kuma na farko da zai iske yaron da ya sha giya ta fi ƙarfinsa, ko yarinyar da ta kwana uku ba ta fito ba. RA ɗin kuwa yaro ne ɗan shekara 20, da horon mako biyu. Ban yi mamaki ba da na Jami'ar Massachusetts da ke Amherst suka kafa ƙungiyar ƙwadago a 2002, suka ce in malamai ne su, to ma'aikata ne kuma, a biya su.

Ƙungiyar ta ci gaba da girma yadda irinta ke girma. Ta ƙara harafin I a sunanta wajajen 1980 don nuna cewa ta fita daga iyakar Amurka, ta zama ACUHO-I, ta kafa ofishinta a Columbus ta jihar Ohio, ta rubuta kundin ƙa'idojin aiki, ta samu ƙungiyoyin shiyya-shiyya. A 1991 aka buɗe cibiyar horar da matasan jami'ai a Jami'ar Florida, wadda ke ɗauke da sunan James Grimm, daraktan masaukin jami'ar a lokacin.

Bulo da siminti dai ba su daina tuna mata asalinta ba. A Afrilun 1986 aka kashe Jeanne Clery a ɗakinta a Jami'ar Lehigh, kuma aka gano cewa ƙofofin ginin da ya kamata su kasance a kulle an tokare su a buɗe. Iyayenta suka yi ta fafutuka har majalisa ta yi doka a 1990 da ta tilasta wa jami'o'i bayyana laifukan da ake aikatawa a harabarsu. A 19 ga Janairun 2000 gobara ta tashi a ɗakin kwanan 'yan aji ɗaya na Jami'ar Seton Hall, ɗalibai 3 suka mutu, sama da 50 suka ji rauni. Ginin ba shi da bututun da ke feso ruwa da kansa, kuma ƙararrawar ƙarya ta yi yawa a baya har wasu suka ji ta suka gyara kwanciya. Jihar New Jersey ta wajabta sa bututun a duk ɗakunan kwana a wannan shekarar. Sannan 'yan kasuwa suka shigo. Kamfanin American Campus Communities, da aka kafa a 1993, ya gina wa ɗalibai gidaje masu banɗaki a kowane ɗaki da wurin ninƙaya, ya shiga kasuwar hannun jari a 2004, a 2022 kamfanin Blackstone ya saye shi a kan kusan dala biliyan 13. Mai zuba irin wannan kuɗi ba tarbiyya ya saya ba.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta fi rungumar ƙungiyar, inda aka kafa reshen kudancin Afirka a 2006, kuma dalilin a fili yake. Bayan faɗuwar mulkin wariya, an haɗa azuzuwa cikin sauri, amma ɗakunan kwanan tsofaffin jami'o'in farare sun riƙe al'adunsu. A 2008 wani bidiyo ya fito daga gidan kwanan Reitz na Jami'ar Free State, inda fararen ɗalibai 4 suka wulaƙanta baƙaƙen ma'aikata 5 don nuna adawa da shirin haɗa ɗakuna. Aka rufe gidan, gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A wurin da abu irin wannan ke faruwa, ba sai an roƙi kowa ya yarda cewa ɗakin kwana makaranta ce ba, tambayar ita ce me ake koyarwa a ciki.

Najeriya ma tana da zare a wannan saƙa. John Hannah, shugaban makarantar East Lansing a lokacin da aka kafa ACUHO a harabarta, shi ne ya ba da hannun jami'arsa wajen kafa Jami'ar Najeriya ta Nsukka a 1960. Ibadan kuwa, tun 1948, tsarin Ingila ta bi, mai gidajen kwana irin su Mellanby da Sultan Bello, kowanne da malamin da ke shugabantarsa. A yawancin jami'o'inmu har yau haka abin yake: malami mai nasa azuzuwan da jarrabawar dubawa a ɗora masa kula da hostal, aikin yau da gobe kuma ya rage wa fotoci a bakin ƙofa. Alhali manyan rigingimun ɗalibanmu daga nan suka tashi. Zanga-zangar da aka harbe Kunle Adepeju a Ibadan a Fabrairun 1971 ta faro ne daga ƙorafi a kan harkar abinci a gidan kwanan Nnamdi Azikiwe. Boren “Ali Must Go” na 1978, wanda ya ci rayuka a Legas da Zariya, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ne ya kunna shi. Rikicin Mayun 1986 a Jami'ar Ahmadu Bello, inda 'yan sanda suka harbe ɗalibai, ya biyo bayan hukuncin da aka yi wa shugabannin ɗalibai ne saboda jerin gwano ya ratsa ta Amina Hall, wadda aka hana maza shiga.

A Amurka kuwa, gwaji mafi tsanani ya zo a Maris na 2020. A ranar 10 ga watan Harvard ta ba ɗalibanta kwana biyar su tattara kayansu saboda annobar korona, sauran jami'o'i suka bi sahu. Aka mayar da lacca kan intanet cikin mako biyu, malamai suka koma gidajensu. Jami'an masauki ne suka rage a haraba, tare da ɗaliban ƙasashen waje da aka rufe wa iyakoki da waɗanda ba su da gidan komawa, suna ware benayen killacewa, suna ajiye abinci a bakin ƙofa. Iyaye suka ce a mayar musu da kuɗinsu, jami'o'i da yawa suka mayar. Yadda aka yi lissafin shi ne a ƙirga kwanakin da suka rage a zango, a ninka da kuɗin gado da na abinci na kwana ɗaya. Bashin gine-ginen kuma ba a ɗage ranar biyansa ba, don haka a wurare da dama ma'aikatan masaukin ne aka fara tura wa takardar hutun dole.